Idan ciwon daji ya hana miji ko mata cin abinci: Abin da ya kamata mai jinya ya sani

Mazauna Babban Giji da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni sun saba ganin mutane riƙe da kuloli da filas, safe da yamma, suna nufar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Tun da aka kafa asibitin a 1988 ya zama matattarar masu manyan cututtuka daga Kano da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. A ɗakunan da ake kwantar da masu ciwon daji, da kuma gidajen da aka koma da su bayan sallama, da yawa daga cikin kulolin nan suna komawa yadda aka kawo su, ko kuma an taɓa cokali biyu an ture.

Ga matar da ta shekara 20 tana girka wa mijinta abin da yake so, ko magidancin da ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya zauna jinyar uwar 'ya'yansa, ture kwanon nan yana daga cikin abubuwan da suka fi sosa rai a jinya. Abinci shi ne abin da ya rage a hannun mai jinya bayan likitoci sun karɓe sauran, don haka idan aka ƙi shi sai ya ji kamar shi aka ƙi. Daga nan ake shiga lallashi, lallashi ya koma faɗa, har ɗakin da ya kamata a samu natsuwa ya zama wurin jayayya sau uku a rana.

Gidajen da ke cikin wannan hali ba kaɗan ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun ƙiyasta cewa mutum sama da 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu. Akasarin masu ciwon suna isa asibiti ne bayan ya yi nisa, wasu saboda rashin kuɗi, wasu saboda tsohuwar maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son allura. A wannan mataki kuwa rashin cin abinci da rama suna cikin alamun da aka fi gani.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Likitoci suna kiran wannan yanayi kakeksiya, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka mai nufin mummunan hali. A Hausa ana iya ce mata ramar daji. Ciwon da kansa, da kuma garkuwar jiki da ke fafatawa da shi, suna zuba wasu sinadarai cikin jini. Sinadaran suna isa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kula da yunwa da ƙoshi, su riƙa sanar da shi an ƙoshi alhali babu komai a ciki. A lokaci guda kuma suna sa jiki ya riƙa narkar da tsokarsa da kitsensa.

A nan ta bambanta da yunwar da aka sani. Wanda ya rasa abinci, jikinsa yana rage ƙarfin da yake ƙonawa, ya fara cin kitse, ya tattala tsoka, kuma da zarar abinci ya samu sai ya murmure. Mai ramar daji kuwa jikinsa yana ci gaba da zubar da tsoka ko da an ba shi abinci, kamar randar da ta tsage a gindi ana ta zuba mata ruwa. Wannan ne ya sa ƙwararrun ƙasa da ƙasa da suka fitar da ma'anar ciwon a 2011 suka bayyana cewa abinci kaɗai ba ya iya dawo da jikin yadda yake. Sun kuma sa ma'auni: wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 ba da niyya ba, ya shiga wannan hali. Ga mutum mai kilo 70, kilo 3 da rabi ke nan. Kimanin rabin masu ciwon dajin da ya yi nisa suna fama da ita, ta kuma fi tsanani a dajin tumbi da na huhu.

Sanin wannan yana sauke kaya biyu. Marar lafiya bai ƙi abinci don taurin kai ko fidda rai ba, kuma hannun mai girki bai gaza ba. Mijin da ya ce ya ƙoshi bayan loma uku gaskiya ya faɗa, domin abin da ƙwaƙwalwarsa ke gaya masa ke nan.

Dalilan da ake iya magancewa

Duk da haka, kuskure ne a naɗe hannu a ce ai ciwon ne. Sau da yawa akwai wasu matsaloli da suka hau kan ramar, waɗanda likita zai iya magancewa cikin 'yan kwanaki, ci ya ɗan dawo.

Na farko shi ne baki. Maganin kimo da gashin da ake yi wa kai da wuya, irin wanda ake kai marasa lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika domin yi, suna kawo gyambo da bushewar yawu. Haka nan raunin garkuwar jiki yana sa wani farin abu kamar dusar nono ya rufe harshe da dasashi, haɗiya ta zama azaba. Ya kamata mai jinya ya riƙa haska bakin marar lafiya da fitilar waya kowace safiya. Farin nan yana da magani mai araha, kuma kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana rage zafin gyambo.

Na biyu shi ne taurin bayan gida. Magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi irin su mofin da tiramadol suna ɗaure hanji, shi ya sa likitoci kan haɗa su da maganin sassauta ciki. Wanda ya kwana 4 ko 5 bai zagaya ba, ba zai ji sha'awar komai ba. Kunya kan hana ma'aurata wannan magana, musamman a gaban baƙi, amma tambaya ce da ya kamata a yi kullum.

Sai tashin zuciya da amai, waɗanda suke da magunguna iri-iri, kuma sukan fi aiki idan an sha su kamar rabin sa'a kafin cin abinci. Akwai raɗaɗin da ba a shawo kansa ba, domin mai jin ciwo ba ya ci. Akwai ruwan da ke taruwa a ciki ya danne tumbi, wanda likita zai iya zuƙewa. Akwai kuma baƙin ciki mai tsanani, wanda shi ma ciwo ne mai magani.

Abin da zai taimaki likita shi ne bayani dalla-dalla. Cewa kawai ba ya cin abinci bai wadatar ba. A riƙe ɗan littafi ana rubuta abin da aka ci da abin da aka sha, da ranar da aka zagaya, da lokacin da amai ke zuwa. A kuma nemi a haɗa marar lafiya da masanin abinci na asibiti.

Yadda za a sauya girki

Malmalar tuwo a faranti tana firgita wanda ba ya jin yunwa tun kafin ya sa hannu. Abin da ya fi shi ne ɗan kaɗan a ƙaramin kwano, sau 6 zuwa 8 a yini, ba tare da jiran lokacin cin abincin gida ba. Yawancin marasa lafiya sun fi iya ci da safe, don haka a sa abin da ya fi gina jiki a wannan lokaci.

Tun da cokalin da zai shiga kaɗan ne, sai a sa kowane cokali ya yi nauyi. Kunun gyaɗa da aka ƙara wa madarar gari ya fi koko tsura amfani nesa ba kusa ba. Ana iya zuba man shanu ko man gyaɗa a fate, a fasa ƙwai cikin alale, a dama fura da kindirmo da ɗan zuma, a niƙa dabino da ayaba cikin madara. Miyar kuɓewa da ta kuka suna da santsin da ke sauƙaƙa haɗiya, idan an haɗa su da tuwon shinkafa mai laushi. Farfesun kaza ko na kifi da aka dafa ya yi lugub ya fi soyayyen nama sauƙi. Wanda ba shi da halin sayen madarar gwangwani ta musamman da ake sayarwa a kemis kada ya damu, domin abin da ke cikin kasuwar Tarauni, irin su gyaɗa da wake da waken suya da ƙwai, yana ba da abin da ake nema.

Kimo yana sauya ɗanɗano. Nama ya kan koma kamar ƙarfe a baki, abin da mutum ke so a da ya zama abin ƙi. Idan haka ta faru a gwada cokalin roba, a gwada kifi ko ƙwai a madadin jan nama, a ɗiga lemon tsami ko tsamiya matuƙar babu gyambo a baki. Ƙamshin soye-soye da na daddawa yana tayar da zuciya, saboda haka a yi girki nesa da ɗakin, a kuma bar abinci ya huce kafin a shigo da shi. Shayin citta yana taimaka wa wasu. Ruwa kuma a sha shi tsakanin cin abinci, domin idan an sha tare da abinci yana cike ɗan wurin da ya rage.

Wanda ke kan kimo garkuwarsa ta yi rauni, don haka a guji nonon da ba a tafasa ba, da ƙwan da bai dahu ba, da ɗanyen ganye da ba a wanke sosai ba, da abincin bakin titi da ya daɗe a buɗe.

Akwai saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook masu cewa sukari ne abincin daji, ko a hana marar lafiya nama da madara domin a kashe ciwon da yunwa. Hana mai ramar daji abinci ba ya rage ƙarin da ke jikinsa, shi yake ƙara kassarawa. Idan abin da ransa ya so yau lemon kwalba ne ko alewa, a ba shi, sai fa idan yana da ciwon sukari, wanda wannan magana ce ta likitansa.

Magungunan buɗe ciki

Akwai magungunan da likitoci ke bayarwa domin ƙara sha'awar abinci, amma kowanne da iyakarsa. Deksametason yana buɗe ciki cikin kwanaki kaɗan, sai dai amfaninsa yakan dushe bayan 'yan makonni, kuma idan aka daɗe ana sha yana raunana tsoka, ya tayar da sukari, ya ƙara karya garkuwar jiki. Shi ne ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a Kano, waɗanda wasu ke saya don yin ƙiba. Sayo shi daga kemis a ba mai ciwon daji ba tare da sanin likita ba ganganci ne, kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina kwatsam ba. Wani maganin mai suna megesturol yana ƙara nauyi, amma akasari kitse da ruwa ne, yana kuma iya jawo daskarewar jini a jijiya.

A 2023 likitoci a birnin Puducherry na ƙasar Indiya suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa marasa lafiya 124 masu karɓar kimo. An ba rabinsu ɗan ƙaramin adadi na maganin olanzafin kullum har mako 12. Kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sha sun ƙara fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 9 ne kawai. A shekarar ce ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta sa maganin cikin shawarwarinta. Tsohon magani ne mai araha, don haka yana da kyau mai jinya ya tambayi likita ko ya dace da marar lafiyarsa.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa, da yawansu suna ƙara amai da gudawa, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda da kimo ya riga ya gajiyar. Duk abin da ake ba marar lafiya a gida, a sanar da likita.

Ƙarin ruwa da robar hanci

Idan ci ya tsaya, abin da dangi suka fi nema shi ne a yi ƙarin ruwa. Mutane da yawa suna ɗaukar ledar ruwan a matsayin abinci, alhali ƙarfin da ke cikin lita guda ta ruwan sukarin da aka saba sawa bai wuce na kofin kunu ba. Tana da amfani ga wanda amai ko gudawa suka busar, amma ba ta hana rama. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2013, an raba marasa lafiya 129 da ke matakin ƙarshe gida biyu, ana ba wasu lita guda kullum, wasu kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba a ga bambanci ba, a jin sauƙi ko a tsawon kwana. Ruwan da ya yi yawa a wannan mataki yana iya kumbura ƙafa ya taru a huhu.

Robar da ake zurawa ta hanci ko ta ciki tana da wurinta. Wanda ƙari ya toshe wa maƙogwaro, yana jin yunwa amma abinci ba ya wucewa, kuma ana ci gaba da yi masa magani, roba tana iya zame masa ceto. Wanda ramar daji ta kai maƙura kuwa ba ta ƙara masa ƙarfi. Likita ne zai bambance, amma a sa marar lafiya cikin shawarar matuƙar yana cikin hayyacinsa.

Babban abin da ke hana mai jinya barci shi ne tsoron kada yunwa ta kashe abokin zamansa a hannunsa. Wani bincike da aka yi a birnin Rochester na Amurka, aka wallafa a 1994, ya bibiyi marasa lafiya 32 a ƙarshen rayuwarsu. Mutum 20 daga cikinsu ba su ji yunwa ko kaɗan ba, akasarin sauran kuma a farko kawai suka ji. Abin da ya fi damunsu bushewar baki ne, kuma kurɓin ruwa da ƙanƙara da shafa mai a leɓe sun wadatar. Ɗura wa wanda ke cikin magagi abinci yana iya sa ya bi ta hanyar numfashi ya haddasa ciwon huhu. Ko a addini, akwai hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito da ke hana tilasta wa marasa lafiya ci da sha. Azumi ma an ɗauke wa marar lafiya, wanda ba a sa ran warkewarsa kuma malamai sun yi bayanin ciyarwa a madadinsa.

Sai dai akwai alamun da ba a jira da su: kasa haɗiyar ko da ruwa, aman da ya ƙi tsayawa, kumburin ciki tare da rashin fitar bayan gida da iska, zazzaɓi a lokacin kimo, ko rikicewar hankali farat ɗaya. Mai ciwon sukari da ya daina ci amma yana ci gaba da shan maganinsa, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa. Duk waɗannan asibiti ake nufa nan take.

Dangi da 'yan dubiya

A ƙasar Hausa tambayar farko ta mai dubiya ita ce ko ya ci abinci. Idan aka ce a'a, ido yakan koma kan matar gida. Wata uwar miji za ta ce ba a iya lallashi ba, wata ƙanwa ta kawo nata girkin don ta nuna. A gidan da ke da kishiyoyi, cin abincin wata da barin na wata yana iya zama abin magana, alhali sauyin ɗanɗano ne kawai na wannan rana. Marar lafiya da ya lura da haka yakan tilasta wa kansa ci don ya kare matarsa, daga baya ya amayar.

Maganin wannan shi ne a nemi likita ko ma'aikaciyar jinya ta yi wa manyan dangi bayani da bakinta, ko da mutum biyu ne, su kuma su isar wa saura. Abin da suka ƙi ji daga suruka sukan karɓa daga likita. Masu son taimakawa kuma a faɗa musu abin da ake buƙata a fili. Kuɗin magani, ko kai yara makaranta, ko kwana ɗaya a asibiti domin mai jinya ya huta, sun fi katan na lemo da zai ƙare a hannun baƙi.

Tsakanin ma'auratan ma kalma tana da tasiri. Cewa "Alhaji, in ba ka ci ba yaya za ka warke?" tana ɗora masa laifin ciwonsa. "Alhaji, me ranka yake so yau?" kuwa ta bar masa zaɓi, a lokacin da kusan komai ya fita daga hannunsa. Idan ya ce babu, a ɗauke kwanon ba tare da ɓata rai ba, a sake tayi bayan sa'a biyu.

Shi ma mai jinya ya ci

Akwai wani rashin cin da ba a cika lura da shi ba, wato na mai jinyar. Mace takan ji nauyin ta zauna ta ci tuwo mijinta yana kwance bai sa komai a baki ba. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Sakatariyar Audu Baƙo da gadon asibiti yakan wuni da shayin safe kawai. Damuwa da rashin barci da kansu suna kashe sha'awar abinci. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma jinyar daji ta watanni ce. Wanda zai ɗaga babban mutum ya juya shi, ya kuma tuna lokacin kowane magani, dole jikinsa ya samu abin riƙewa.

Mai jinya ya sa wa kansa lokacin ci ko da bai ji yunwa ba, ya ajiye dabino da gyaɗa da ruwa kusa, kada kuma ya bar shan maganinsa na hawan jini ko sukari. Cin abinci a gaban marar lafiya ba laifi ba ne, da yawansu ma hankalinsu ya fi kwanciya idan suka ga abokin zamansu yana ci, wani lokaci har su miƙa hannu su ɗanɗana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka a raba kwana tsakanin 'ya'ya da 'yan uwa. Idan mai jinya ya yi mako 2 yana rama, ba ya barci, yana kuka ko jin rayuwa ta ishe shi, shi ma ya ga likita.

Idan lokacin da abinci ya daina shiga ya zo, kulawa tana da sauran hanyoyi. Akwai jiƙa leɓe da tsumma mai tsabta, da goge baki, da juya kwanciya duk bayan sa'a biyu domin kare fata daga gyambo, da shafa mai a ƙafa, da karatu da addu'a a kusa da kunne, da zama a gefen gado ana hira ko an yi shiru. Waɗannan su ne abubuwan da marar lafiya ya fi buƙata a wannan mataki, kuma babu wanda ya fi mijinta ko matarsa iya yi.